Kacar Keken Mai Kindirmo

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da kalar kayan da na sa ranar da aka kai ni ɗakin miji. Amma akwai wata safiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, safiyar da na durƙusa a ƙofar gidanmu a Ƙofar Wambai da guduma a hannuna, rabin unguwa na tsaye a kaina.

Abin ya faro ne daga wani koren keke. Ina sharar zaure wata rana da sassafe na ɗaga kai, sai ga shi ya gifta. Kore ne shar, irin na hannu da ake shigowa da su daga waje, mai giya, haƙoran ƙafar bayansa a jere, manya da ƙanana, suna walƙiya kamar awarwaro a hannun amarya. A kan kariya, wurin ɗora kaya na baya, an ɗaure fararen jarkoki da igiyar roba. Sai da na gama kallon keken sannan na kalli mai shi, dogon saurayi siriri, ya miƙe a kan sirdi kamar wanda bai san gajiya ba. Tsintsiya ta tsaya a hannuna.

A lokacin ba ni da abinci sai littattafan soyayya da muke aro a kasuwa muna musaya da ƙawaye. Na karanta su har na gaskata cewa kowace budurwa akwai ranar da nata zai gifta ta ƙofar gidansu. A cikin littattafan a mota yake zuwa, amma na yi wa nawa uzuri. Kafin sati ya zagayo na riga na ba shi murya, na ba shi tarihi, na shirya kalaman da zai faɗa mini a ƙarƙashin wata bishiya da ni ma ban san inda take ba. Abin da na sani game da shi na gaskiya kaɗan ne, kuma a bakin mutanen rumfa na tsinta: daga Tirwun yake, iyayensa masu shanu ne da suka zauna wuri ɗaya, kullum yana ratsa gari ya kai madara da kindirmo gidajen ma'aikata a Gwallameji kafin su fita ofis. Bai taɓa juyowa ya kalli zaurenmu ba. Ni kuwa na fassara wannan da kunya.

Rumfar da nake faɗa ta mahaifina ce. Gyaran keke yake yi a jikin bangon gidanmu tun kafin a haife ni. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ce autarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ina ƙarama a gindinsa nake wuni ina miƙa masa sifana da filaya, na iya ɗaura kaca kafin in iya ɗaura ɗankwali. Da na girma Innarmu ta janye ni cikin gida, ta ce budurwa ba ta zaman rumfa. Ban yi musu ba.

Sai idon Baba ya fara mutuwa. Da farko ya ce hayaƙi ne, daga baya ya ce tsufa ne, har ta kai yana gane mutum da muryarsa kawai. Bai yarda kowa a waje ya sani ba. Sai muka ƙirƙiro wata hanya tamu. Facin taya da ɗaure birki yana yi da lalube, hannunsa ya haddace su. Amma duk aikin da ke son ido, sai ya shafa keken, ya girgiza kai, ya ce wa mai shi, "Wannan bar shi ya kwana." A shigo da keken tsakar gida, bayan la'asar ni in durƙusa in yi aikin, shi yana zaune kan tabarma yana faɗa mini, yana bin abin da na yi da yatsunsa. Washegari a fitar da shi, mai shi ya yi ta sa wa Baba albarka. Mun daɗe a haka. Mutane har cewa suke tsohon ya ƙara natsuwa, ba ya gaggawar aiki.

Wanda bai ruɗu ba shi ne Baffana, ƙanin Baba, ɗan kasuwa, wanda muke gida ɗaya na gado da shi. Ba zan ce mugu ne ba, yanzu da na girma na gane akwai tausayi a cikin maganarsa. Cewa yake, "Yaya, ka shiga gida ka huta, ni zan riƙe ka. A rushe rumfar nan a yi shago mai ƙofar ƙarfe." Baba kuwa ya taɓa gaya mini, muna wanke wata kaca a kananzir, cewa ranar da aka zaunar da shi a ɗaki yana jiran a kawo masa kwano, ranar ce aka fara haƙa masa kabari. Da lallashi ya ƙi ci, Baffa ya ce zai tara dangi ya nuna musu ba a aikin komai a rumfar, makaho ne kawai ke tsare wuri. Abin da ya rage masa shi ne ya gani da idonsa. Sai ya tsiri zama a kan bencin rumfar kowace safiya, carbi a hannu, yana jira.

Ana gobe abin zai faru aka yi mana lallen bikin wata ƙawata. An zana mini hannu har gwiwa, ja da baƙi, na kwana da hannuwa a sama don kada ya ɓaci. Da safe ina zaure ina juya su a hasken rana, ina ayyana cewa yau in ya gifta zan san yadda zan riƙe ƙyauren ƙofa ya gani.

Ya zo kuwa, amma a ƙasa, yana jan keken, ƙafar baya na jan ƙasa ba ta juyawa. Bakin igiyar robar da ya ɗaure jarkoki ne ya sauko ya shiga cikin ƙarfen giya, wannan mai lilo da ke sauya wa kaca wuri, ya fizge shi ya cusa cikin wayoyin ƙafa. Ƙarfen ya murɗe kamar an tauna. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba da Baffa. Ranar na fara jin muryarsa. Ba irin wadda na ba shi ba ce, siririya ce, kuma a firgice take.

Baba ya shafa ƙafar bayan, yatsunsa suka bi ƙarfen har inda ya karye. Ya ce, "Wannan bar shi ya kwana, ɗana."

"Baba, ka yi mini rai," in ji saurayin. "Keke zai kwana, madara ba za ta kwana ba. Rana na ɗagawa ta tsinke. Gidajen nan in na saɓa musu yau, gobe wani za su kira."

Baffa ya ajiye carbi a cinya. A hankali ya ce, "Yaya, gyara masa mana. Ai ba wani aiki ba ne a wurinka. Ga mu nan muna kallo."

Na ga Baba ya miƙa hannu cikin akwatin kayan aiki ya ɗauko sifana. Ya lalubo noti, ya ɗora, ba girmansa ba ne. Ya canza wani. Ya danna da ƙarfi, sifanan ya zame, bayan hannunsa ya daki haƙoran ƙafar baya. Jini ya fito. Ya goge a jikin rigarsa ya sake lalube. Mai shayin da ke gefenmu ya daina jujjuya kofi. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Baffa bai yi dariya ba, kai kawai yake gyaɗawa, irin na wanda ya samu abin da ya zo nema.

Ban san Inna na bayana ba sai da na ji ta riƙe gefen hijabina. "Kada ki soma," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ki rufa mana asiri." Na zare hijabin daga hannunta a hankali, na fita.

Wurin Baffa na fara zuwa, na durƙusa har ƙasa na ce, "Baffa, ina kwana."

"Ke! Me ya fito da ke? Koma ciki."

"In Baba ya ce in koma, zan koma."

"Ni ban isa ba ke nan?"

"Ka isa, Baffa. Amma rumfarsa ce."

Ban taɓa mayar wa babba magana ba kafin ranar. Kowa ya juya ga Baba. Na san abin da na jefa shi ciki. In ya kore ni, zai ci gaba da lalube har ya kasa a gaban jama'a. In ya bar ni, ya amsa da kansa abin da muka daɗe muna ɓoyewa. Har na fara nadama. Sannan ya ɗaga fuska wajen titi, ya ɗaga murya yadda mai shayi da na bayansa za su ji.

"Jama'a, ku shaida, ba na gani. Na daɗe ba na gani. Duk wanda kekensa ya kwana a gidan nan, wannan ce ta gyara masa. In akwai wanda nasa ya lalace a hanya, ya faɗa yanzu." Ba wanda ya yi magana. Ya miƙo mini sifanan ta inda ya ji numfashina. "Uwata, zauna."

Na naɗe hannun hijabi na ɗaure a baya, na durƙusa a cikin ƙasar da ta sha baƙin mai.

Aka sauke jarkokin aka sa a inuwa, muka kifa keken. Baba ya ce wa saurayin ƙarfen giyar ya tashi daga aiki, irinsa kuma sai an sha yawo a kasuwa, in ma an samu, da irin lodin da yake ɗauka wata rana zai sake cin wayoyin ƙafa. "Za mu cire masa tarkacen nan duka, mu mayar da shi kamar kekunan da. Kaca ɗaya, wuri ɗaya."

Saurayin ya ɓata fuska. "Baba, don giyar fa na saye shi."

Baba ya ce, "A cikinsu wacce kake hawa?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya tun damina abin canzawar ya ƙage. Inda ya tsaya nan nake tafiya."

Mai shayi ya fashe da dariya. "Ashe ado kake ja, malam!"

Na kwance ƙarfen da ya murɗe, na cire na gaba, na zare wayoyin giya daga jikin keken, na kwance 'yan maɓallan da ke kan hannu. Tarin ƙarafa ya taru a gefena. Wayoyin ƙafa da suka lanƙwashe na miƙar da su, na ɗaure, Baba na juya ƙafar da yatsa yana saurare. Kafin in gama wannan, zanen da ke bayan hannuna ya nutse cikin giris. Ban ma kalle shi ba, haushi ya hana ni.

Sai zaɓen inda kacar za ta zauna har abada. Nan ne littattafaina suka so su kai ni su baro. Na ɗora ta a kan mafi ƙanƙantar haƙora na baya, wanda ke sa keke gudu, domin a raina jarumi ba ya tafiya a hankali, iska ce ya kamata ta riƙa kaɗa masa riga. Baba ya ɗora yatsa a kan kacar ya bi ta daga gaba har baya.

"Uwata, wa za ki aika tsere?"

Ya sake bin kacar da yatsa.

"Ki ji yadda ta karkace. Kaca in ba ta miƙe sak tsakanin gaba da baya ba, za ta yi ta tsalle tana neman wani wuri. Kuma mutumin nan da lodi yake tafiya. Ɗana, akwai hawa a hanyarka?"

"Akwai, Baba. In na dawo ma iska ce a gabana."

"To ki sauko da ita tsakiya, inda gwiwarsa za ta kai shi tsufa."

Na mayar da ita tsakiya, na rufe ido ɗaya na leƙa ta baya, na ga ta miƙe kamar zaren ɗinki. Na sassauta ƙafar na tura ta gaba cikin tsagarta, na ja bakin kacar biyu suka haɗu, na ga yawan da ya kamata a rage. Ba mu da wata na'ura ta yanke kaca. Noti muke ajiyewa a kan dutse, a ɗora gaɓar kacar a kan ramin, a sa ƙusa a kan siririn ƙarfen da ya riƙe gaɓar, wanda muke kira ɗan sanda, a buga da guduma. Dabarar ita ce kada a fitar da ɗan sandan gaba ɗaya, a bar shi maƙale a gefe, don da shi za a sake haɗawa. Na sha yi a tsakar gida. Amma a tsakar gida ba kowa a kaina.

Na buga, na buga, na ƙara wani da ƙarfin da na so in yi wa Baffa magana da shi. Ɗan sandan ya fice fit, ya faɗa cikin ƙasa ya ɓace. Wani daga baya ya ce, "Shi ke nan, ta kashe kacar." Aka yi dariya. Baffa ya miƙe tsaye ya kakkaɓe riga.

"Kun gani ko? Makaho da 'ya mace. Yaya, wannan wasan yara ya isa haka."

Hawaye ya cika mini ido har na daina ganin gudumar. Na ɗaga kai na kalli saurayin, ina jiran abin da ake yi a littafi, ya ce wani abu, ya tsaya mini. Shi kuwa jarkokinsa yake kallo, yana kallon rana.

Baba ne ya yi magana, kuma ba da ni kaɗai yake ba. "Ni ma na zubar da irinsa ina da idona biyu. Uwata, guntun da kika rage yana ina? Ciro gaɓa daga jikinsa ki maye. Kuma ki bugi ƙusa, ki bar mutane."

Na share ido da kafaɗa. Na ɗauko guntun kacar, na ɗora a kan noti, na buga a hankali, ina tsayawa ina dubawa, har ɗan sandan ya leƙo ya tsaya inda nake so. Na cire gaɓar da na lalata, na sa sabuwar, na haɗa baki biyu, na mayar da sandunan da ƙananan bugu. Gaɓar ta ƙage, na lanƙwasa ta gefe da gefe har ta saki. Na ja ƙafar baya har kacar ta ɗaure, Baba ya danna tsakiyarta da yatsa ya ce in ɗan sassauta, kada ta ci kanta, kada kuma ta yi sakwa-sakwa ta hau haƙoran da ke kusa da ita. Na daidaita ƙafar a tsakiya na ɗaure notuna. Na juya feda da hannu. Babu ƙara, babu tsalle, sai wani siririn sauti mai daɗi. Na ga Baba ya karkata kunne, gefen bakinsa ya motsa.

"A ɗora masa lodinsa," ya ce. "Ba a gwada keke fanko."

Aka ɗaure jarkokin, wannan karon na cusa bakin robar da kaina. Saurayin ya hau, ya miƙe tsaye a kan feda ya danna da duk nauyinsa. Na bi shi da ido. Ya kai kwana, ya juyo, ya dawo yana washe baki.

"Wallahi ya fi da sauƙi! Kamar an sauke masa kaya." Ya juyo gare ni, karo na farko tun da na san shi, ya dube ni sosai. Zuciyata ta buga. Ya ce, "Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Yau in na gaya wa maiɗakina mace ce ta gyara mini keke, sai ta ce ƙarya nake."

Haka soyayyata ta farko ta ƙare, a tsaye, da sifana a hannu. Abin mamaki, ban ji zafin da littattafai suka yi mini alkawari ba. Dariya ce ma ta kusa kuɓuce mini.

Baffa bai tsaya ganin tafiyarsa ba. Ya ce mun zubar wa gida mutunci, ya shige. Ya kuma cika maganarsa, ya tara dangi a ƙarshen satin. Sai dai abin da ya tanada zai tona, Baba ya riga ya faɗa da bakinsa a titi, kuma zancen cewa ba a aiki a rumfar ba wanda zai iya maimaita shi. Goggonmu, babbar yayarsu, ta saurari kowa, ta ce ita ba ta ga abin da za a rushe ba, a kawo mata ruwa ta yi alwala. Ba a sake tayar da maganar ba.

Ba kyauta na sha ba. A wurin bikin ƙawata mata suka yi ta kallon farcena suna taɓa juna. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Wani da ya fara aiko ƙanwarsa gidanmu ya daina aikowa, aka ce uwarsa ta ce ba ta haɗa zuri'a da bakanike. Na ce Allah ya ba shi wadda ba ta taɓa ƙarfe ba. Washegarin gyaran nan na fito rumfa da rana tsaka, ban sake shigar da keken kowa tsakar gida ba. Masu irin waɗannan kekunan na hannu da giyarsu ta gaji suka fara zuwa, wani ya gaya wa wani, har daga bayan gari, su ce a yi musu irin na mai kindirmo.

Idon Baba bai dawo ba. An kai shi asibiti daga baya, likita ya ce an makara. Amma ya zauna a rumfarsa shekaru masu yawa bayan haka, har bayan na yi aure ina zuwa daga gidana. Ya daina ɓoye sandar da yake lalube da ita, ya rataye ta a inda kowa zai gani. Mai keke zai tsaya, kafin ya buɗe baki Baba ya gaya masa abin da ke damun kekensa daga ƙarar da ya ji tun daga kwana. A rumfar ciwon ajalinsa ya same shi, wata Laraba da hantsi, yana tsakiyar yi wa wani faɗa kan rashin sa wa kaca mai. Bai yi kwana uku a ɗaki ba Allah ya karɓi abinsa. Baffa ne ya yi masa wanka, yana kuka kamar yaro.

Abin da na koya a safiyar nan ba a littafi na same shi ba. Mun daɗe muna tsoron ranar da mutane za su sani, muna raɓe-raɓe a cikin gidanmu kamar mun yi sata, alhali ba abin da muka yi sai aiki. Duk ƙarfin da aka samu a kanmu, ɓoyon da muke yi ne ya bayar da shi. Tun daga ranar, in na ga ana shirin riƙe ni da wani abu nawa, ba na jira. Ni nake fara faɗa, da ƙarfi, a gaban kowa, sannan in ci gaba da aikina.